Ka Danna Kansil Amma Kuɗin Sun Tafi: Tarihin Maɓallin Da Ba Kullum Ake Jin Kiransa Ba

Yau ba saitin waya za mu fara da shi ba, tarihi za mu taɓa, kuma rubutun da ɗan tsawo, don haka ka gyara zama.

Cikin ƙorafin da ake kawo mana teburin gyara nan Illela, musamman ranar kasuwa, akwai wanda ba laifin waya ba ne ko kaɗan amma ita ake ɗora wa. Mutum zai tura kuɗin akuya ko na buhun albasa, abu ya yi ta juyawa, bai ce ya tafi ba, bai ce ya faɗi ba. Ya gaji ya danna kansil, ya sake turawa. Can anjima alat biyu su shigo, an cire kuɗi sau biyu. Sai ka ji ana cewa, "Mai gyara, duba man wayag ga, tac ɗinta ba ya ji, na danna kansil ta ƙiya." Alhali tac ɗin lafiya lau yake, wayar ta ji dannawar sarai. Wanda bai ji ba yana can cikin wata babbar kwamfuta mai nisa, kuma dalilin rashin jin nasa ya girmi wayar hannu, ya girmi intanet ma.

A duniyar kwamfuta, kansil roƙo ne. Cewa kake yi "don Allah in ka samu sarari ka dakata." Ko a dakata ko kar a dakata ya danganta da abu biyu: shin mai aikin yana ɗaga kai ya duba ko ana kiransa, sannan shin aikin bai riga ya bar hannunsa ba.

A zamanin wayar tangaraho abin da sauƙi. A tsarin da Amurka ta yi amfani da shi a ƙarni na 19, waya guda ce ta haɗa tashoshi, lantarki na bi ta cikinta. In mai aikawa yana buga saƙo, mai karɓa ya rasa wata kalma, sai ya buɗe makunninsa ya yanke lantarkin layin gaba ɗaya. Mai aikawa ya ji na'urarsa ta yi shiru, ya san an ce masa dakata. Daga nan maɓallin Break ya samo asali, wanda har yau za ka gan shi a saman kibod ɗin kwamfutar tebur ba ka san amfaninsa ba. Yana aiki nan take ne domin layin ɗaya ne, kuma mutum ne zaune yana saurare da kunnensa.

Da kwamfuta ta zo, a shekarun 1950 injiniyoyi suka ƙera mata irin wannan taɓawar a kafaɗa: hanyar da wani abu daga waje zai katse ta tana tsakiyar lissafi, ta ajiye inda take, ta saurare shi, sannan ta koma. Ba don wannan dabarar ba, da wayarka ba za ta iya ringin kana tsakiyar kallon bidiyo ba. A shekarun 1960 kuma masu aiki da kwamfutocin kamfanin DEC suka saba da danna Ctrl da C tare don tsayar da manhajar da ta ƙi ƙarewa. Mu da muka taso da Windows mun san Ctrl+C da kwafi, amma tsohuwar ma'anarsa ita ce "tsaya", kuma har gobe a baƙin allon nan da masu rubuta manhaja ke aiki a kai, haka yake nufi.

Rigimar ta fito fili ne a Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969. Ka ɗauka manhaja ta ce wa tsarin, "karɓo min saƙon da zai shigo ta layin nan", ta kwanta tana jira. Saƙo bai iso ba, ko ya iso rabi, sai ga mutum ya danna Ctrl+C. Yaya za a yi da aikin da aka faro? Wani masani, Richard Gabriel, ya ba da labarin muhawarar da aka yi kan wannan a wata maƙala tasa da ta bazu a 1991. Mutanen jami'ar MIT, a tsarinsu mai suna ITS, sun ɗauki hanya mai wuya: tsarin da kansa zai tattara aikin ya maida komai inda yake tsaf, yadda in an gama sauraren mai kiran, manhajar za ta ci gaba kamar ba a taɓa ta ba. Mutanen Unix suka ce ina, wannan wahala ce. Su kawai sai su tashi manhajar su miƙa mata wata 'yar alama mai suna EINTR, ma'ana "an katse ni ban gama ba, in kina so ki sake tambaya." Hanyar Unix ce ta ci kasuwa, don ta fi sauƙin ƙerawa. Android a kan Linux aka gina shi, Linux kuma ɗabi'un Unix ya gada, ka ga ke nan EINTR ɗin nan yana cikin aljihunka yanzu haka.

To amma dubi abin da hakan ya jawo. An sauke kaya daga kan mai ƙera tsari an aza wa kowane mai rubuta manhaja. Shi kuma mafi sauƙin abin da zai rubuta shi ne: in aka tashe ki ba ki gama ba, koma ki ci gaba da jira. Sai manhaja ta farka, ba ta tambayi wa ya tashe ta ba balle don me, ta gyara kwanciya abinta. An haɗiye kansil ɗinka ke nan.

Ka san ɗan akwatin nan da ke fitowa ya ce manhaja ba ta amsawa, ko ka jira ko ka rufe ta? Android na fito da shi ne in ka taɓa sikirin aka yi daƙiƙa 5 manhajar ba ta kula ka ba. Sau da yawa abin da ya faru shi ne, hannun da ya kamata ya saurari yatsanka shi aka aika jiran amsa daga intanet. Abin ya yi yawa har Google, daga Android 3.0 a 2011, ya haramta shi: manhajar da ta gwada jiran netwok da wannan hannun, tsarin zai kayar da ita nan take, don mai ita ya gyara tun kafin ta iso gare ka. Irin wannan wayar ce ake kawowa a ce a yi mata filashin. Filashin ba ya maganinta, asarar hotunanka kawai za ka yi.

Yanzu mu tsallaka inda kuɗinka suke. Kuɗin da ke asusunka layi ɗaya ne na rubutu a cikin rumbun bayanai, wato babban littafin lissafi na kwamfuta. Tun shekarun 1970 masana irin su Jim Gray na kamfanin IBM suka kafa wa irin wannan rumbu doka: aiki ko a yi shi duka, ko kar a yi ko kaɗan. In za a cire naira 50,000 daga wurinka a rubuta wa wani, ba a yarda a cire a tsaya ba. Ka ɗauka rumbun da fensir yake fara rubutu, sai komai ya kammala ya bi kai da biro. In aka katse shi a tsakiya, ya goge fensirin, shi ke nan kamar ba a yi ba. A cikin gida irin wannan, kansil na da daraja.

Kowane banki da irin rumbun da ya saya, da yawansu Oracle suke amfani da shi. Ni zan yi misali da PostgreSQL domin a buɗe yake, kowa na iya karanta yadda aka ƙera cikinsa. Farfesa Michael Stonebraker ne ya faro shi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986 da sunan POSTGRES, ya koma PostgreSQL a 1996, kuma da shi Instagram ya tashi.

Duk manhajar da ta haɗu da PostgreSQL ana ware mata ma'aikaci guda. Da an ba ma'aikacin aiki ya duƙufa, ba ya sauraren layin da aka ba shi aikin ta kai. Don haka in za a soke, sai manhajar ta buɗe wani sabon layi daban zuwa wurin mai gadin ƙofa, ta faɗi lambar ma'aikacin da wata lambar sirri da aka ba ta tun shigowa. Mai gadi ya aika wa ma'aikacin sigina, irin dai ta Ctrl+C, ya rufe layin ba tare da ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ka lura da wani abu a nan: sokewar ita ma sai da netwok. In sabis ne ya ɗauke, ta ina saƙon kansil ɗin zai bi?

Siginar kuma in ta iso ba ta fizge alƙalami daga hannun ma'aikaci. Da za ta yi haka, tana iya samunsa ya rubuta rabin lamba, littafi ya lalace. Abin da take yi kawai, ta ɗaga wata 'yar tuta. A cikin rubutun PostgreSQL an warwatsa wani ɗan umarni mai suna CHECK_FOR_INTERRUPTS a ɗaruruwan wurare, wuraren da aka tabbatar tsayawa a nan ba ta da hatsari. Duk sanda ma'aikaci ya iso ɗaya daga ciki sai ya ɗaga kai ya dubi tuta. In tana sama, ya goge fensiri ya saki aikin. Kamar direban tirela ne: ko ka ɗaga masa hannu ba zai taka burki a tsakiyar gada ba, sai ya kai inda zai iya fakin. Tun fitowa ta 7.3 a 2002 akwai kuma wa'adi mai suna statement_timeout, inda mai kula da rumbu zai ce duk aikin da ya wuce daƙiƙa kaza a yanke shi. Amma shi ma wa'adin in ya cika, tutar nan dai yake ɗagawa.

Duk wannan tsarin yana tafiya daidai har sai baƙo ya shigo gidan. Abin da ya sa PostgreSQL ya yi farin jini shi ne ana iya maƙala masa ƙari, kamar yadda kake saka wa waya manhajar da ba ta zo da ita ba. Masu harkar suna ce wa irin wannan ƙarin ekstenshan. Bambancin shi ne manhajar waya a ɗakinta take, in ta faɗi ita kaɗai ta faɗi, ekstenshan kuwa a cikin jikin ma'aikacin yake zaune, in ya tsaya ma'aikacin ne ya tsaya. Akwai wanda Paul Ramsey, ɗan Kanada da ke cikin waɗanda suka kafa PostGIS na taswira, ya rubuta mai suna pgsql-http. Shi yana ba rumbu damar ya leƙa intanet da kansa a tsakiyar aiki: ya tambayo farashi, ya sa a tura tes, ya sanar da wata saba, wato wata babbar kwamfutar a can wani wuri, cewa an biya.

Irin waɗannan ekstenshan galibi ba sa ƙera hanyar fita da kansu, wata manhaja suke hawa mai suna curl, ta Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin. Asalinta zai ba 'yan canjinmu na bakin iyaka dariya. A 1996 so yake ya riƙa ɗauko farashin canjin kuɗin ƙasashe daga intanet kai tsaye don abokan hirarsa, wato abin da masu naira da sefa ke yi da baki kullum tsakanin nan da Birnin Ƙwanni. A 1998 ta samu sunan curl, yau kuma tana cikin wayoyi da motoci da talabijin bila adadin.

Matsalar ita ce curl ba ta san da wata tuta ba, ba 'yar gidan ba ce. Kuma in ba ka gaya mata ba, ba ta da wa'adin gama aiki ko kaɗan. Wa'adin da ta zo da shi na samun haɗuwa ne kawai, daƙiƙa 300. In ɗaya ɓangaren ya ɗaga waya sannan ya yi gum, jira za ta yi ta yi. Ƙasa da ita ma ba gaggawa ake ba: in Linux ya tura saƙo ba a amsa ba, yakan kai kusan minti 15 yana sake gwadawa kafin ya haƙura, sannan ɗan binciken nan na "kana nan kuwa?" da ake yi wa layin da ya yi shiru, in ma an kunna shi, bisa al'ada sai bayan awa 2 yake farawa. Ma'aikaci na can yana jiran gawon shanu. An danna kansil, tuta ta tashi, ba mai dubawa. Wa'adi ya cika, tuta ta sake tashi, ba mai dubawa.

Kuma ba shi kaɗai ya maƙale ba. Layin littafin da yake rubutu a kai ya sa masa kwaɗo don kar wani ya taɓa kafin ya gama. Duk mai son wannan layin sai ya tsaya bayansa. PostgreSQL in ba a canza masa saiti ba, haɗuwa 100 yake ɗauka a lokaci guda. A wurin da jama'a ke shiga da yawa, cikin 'yan mintuna gurabun sun cika, sai kowa ya fara ganin "sake gwadawa anjima", har wanda harkarsa ba ta shafi waccan sabar da ta yi shiru ba. In mai kula da rumbu ya fusata ya kashe ma'aikacin da ƙarfi da umarnin kill -9, mai gadi zai ɗauka cewa mai yiwuwa ya mutu ne da rabin rubutu a allon da dukkansu ke tarayya a kai, sai ya sallami kowa da kowa, ya sake tada gidan daga rajista. Saboda mutum ɗaya an tashi kasuwa.

Maganin da aka samo ba wani abin mamaki ba ne, sai dai yana son natsuwa. Ita curl tana da wata ɗabi'a: in ka roƙe ta, za ta riƙa waiwayowa tana gaya maka inda aiki ya kai, ko ba abin da ke motsi takan waiwayo kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Asali don a zana maka sandar nan ta lodin aka yi haka. Sai masu ekstenshan suka ce to, duk waiwayen da ta yi mu dubi ko an nemi a tsaya. In an nema, mu ce mata ta saki. Ta rufe layinta, ta maida abin da ta ara, sannan a bar PostgreSQL ya goge fensirinsa. Bin wannan jerin na da muhimmanci. In aka yi tsalle aka fice daga tsakiyar curl ba a bar ta ta kintsa ba, za a bar layi a buɗe da ma'adanar da ba a maido ba, yau kaɗan gobe kaɗan har ma'aikaci ya kumbura. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan tsafta, wadda postgres_fdw, ekstenshan ɗin da ke haɗa rumbu da wani rumbu, yake bi: ya kwanta da kunne biyu, ɗaya a layin waje ɗaya a ƙofar gida, duk wanda ya fara motsi shi zai tashe shi. A ganina duk wanda ya rubuta abin da ke jiran netwok bai sa masa wa'adi ba, bai gama aikinsa ba, kamar mai gyara ne ya rufe waya bai ɗaure sukurori ba.

To an koya wa ma'aikaci jin kira. Saura babbar matsalar, wadda ba ta da magani.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Rumbu na iya goge fensirinsa, amma saƙon da ya riga ya fita ta intanet ba fensiri ba ne. Ka ɗauka rumbun wani shago ya rubuta ciniki, ya aika wa sabar biyan kuɗi cewa a cire, yana jiran amsa sai aka soke. A littafin shago ba ciniki. A littafin can kuwa an cire, da biro. Kansil ɗin ya tsayar da jiran amsa ne kawai, bai tsayar da aikin da ke can ba.

Kuma wanda ya aika ba shi da yadda zai sani. Ka ɗauka kana nan Illela, ka tura yaro a mashin zuwa Ƙwanni ya ce a sallami kayanka. Magariba ta yi yaro bai dawo ba. Shin bai isa ba ne, ko ya isa ya faɗa, a hanyar dawowa taya ta fashe? Daga inda kake zaune, duka biyun kamarsu ɗaya: shiru. In ka tura wani yaron ya tabbatar, shi ma abin da zai iya samunsa ke nan. Masana sun nuna tun 1975 cewa in hanya na iya cinye saƙo, babu yawan aike da zai ba ɓangarorin biyu cikakken tabbaci, kuma Jim Gray ɗin nan ne a 1978 ya raɗa mata suna matsalar janar biyu. Ba ƙarancin fasaha ba ne da za a ce 5G zai gyara.

Sai dai a zagaye ta. Wani ekstenshan na kamfanin Supabase mai suna pg_net ya zaɓi kar ma'aikaci ya fita waje ko kaɗan: ya rubuta saƙon ya ajiye a tire, sai bayan an bi aikin da biro sannan wani ɗan aike na daban ya ɗauka ya kai, amsar in ta zo a ajiye ta a wani teburi. In an soke kafin biro, saƙon bai taɓa fita ba. Dabara ta biyu ita ce a ba kowane saƙo lamba tasa, yadda in ya iso sau biyu, mai karɓa zai gane ya ce wannan na riga na yi.

Bankuna sun daɗe da sanin wannan ciwo. Yaren da ATM da POS ke magana da shi, ISO 8583, tun 1987 yake, kuma an ƙera shi ne da sanin cewa amsa na ɓata a hanya. Na'ura ta tura saƙo mai lamba 0200, "a cire kaza". Banki ya amsa da 0210. In amsar ba ta iso cikin wa'adi ba, na'urar ba ta san ko an cire ba, sai ta tura wani saƙo na daban, 0400 ko 0420, "in ka cire, maida." Shi ne ribas ɗin da mai POS ke ce maka ka jira. Ka ga ba goge na farkon aka yi ba, sabon aiki ne aka yi don ya warware tsohon, shi ya sa kake samun alat biyu, na fita da na dawowa. In shi ma ribas ɗin ya ɓata a hanya, sai an zauna an gwada littafi da littafi, a nan kwanaki ke tafiya. Lambar 91 da kake gani a rasit cewa take bankin mai katin ko mahaɗar da ke tsakani ba su amsa ba, kuma tana cikin waɗanda aka fi samun an cire kuɗi a bayansu.

A Najeriya mahaɗar katuna ta Interswitch ta fara a 2002. NIBSS, wanda Babban Banki da sauran bankuna suka kafa a 1993, ya fito da taransifar nan take a 2011, kuma ya ɗauki dabarar lamba: kowace taransifa na da Session ID mai lambobi 30, da ita bankin da ya tura zai tambayi ina aka kwana maimakon ya sake turawa. Da ƙorafi ya yi yawa, Babban Banki ya sa wa'adi daga 8 ga Yuni 2020: in a ATM ɗin bankinka ne, a maida nan take, in hakan bai yiwu ba kar ya wuce awa 24, ATM ɗin wani banki awa 48, POS da sayayyar intanet awa 72. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardun naira suka ɓace, kowa ya koma taransifa lokaci guda, sai ga cikar gurabun nan da muka yi bayani ta fito kasuwa ƙiri-ƙiri. Kowa yana jira, kowa yana sokewa yana sake turawa, kowace sake turawa kuma ƙarin kaya ce a kan sabar da ta riga ta durƙusa.

Mu na bakin iyaka muna da ƙarin namu. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara ranar 3 ga Satumba 2021, sannan ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato suka biyo baya a watan, jama'a sun sha wuya ƙwarai, amma irin waccan rufewar ba ta sa a cire wa mutum kuɗi sau biyu, saƙon bai fita ba balle ya maƙale. Wanda ke cin kuɗin mutane shi ne rabin sabis, mai isar da saƙo ya hana amsa dawowa. Nan kuwa in ka matsa wajen boda, waya na iya sakin turken Najeriya ta kama na Nijar da kanta, ko ta faɗo daga 4G zuwa 2G, ko ta bar Wi-Fi ɗin shago ta koma data. In hakan ya faru kana tsakiyar turawa, layin da aka buɗe na iya mutuwa ba sallama. Saba ba ta san ka tafi ba, ta gama aikinta ta cilla amsa inda ba kowa.

Don haka in harkarka ta wajen boda ce, shiga saitin waya, ɓangaren SIM, wajen zaɓen kamfanin layi, ka kashe zaɓin kai tsaye ka zaɓi naka da hannu, ka kuma kashe romin na data in ba tsallakawa za ka yi ba. Kar ka fara tura kuɗi kana bisa mashin. In kuma abu ya tsaya yana juyawa bayan ka sa lambar sirri, ka ɗauka saƙon ya riga ya fita, ko ka danna kansil ko ka cire batir duk ɗaya ne a wurin banki. Kar ka sake turawa. Ka ba shi 'yan mintuna, ka duba tarihin cinikinka a manhajar, ko ka duba ragowar kuɗi ta lambar tauraro da ba ta buƙatar data. A wurin mai POS kar ka bar rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, shi ne shaidarka, akwai lokaci da lambar ciniki a jikinsa. In taransifa ce an cire wancan bai gani ba, buɗe rasit ɗin cikin manhaja ka kwafe Session ID ɗin, lambobin nan 30, ka tura wa wanda ka biya shi ma ya kai nasa bankin. Da ita ma'aikacin banki zai gano a hannun wa kuɗin suka tsaya.